Sauya gaɓar ƙugu ko gwiwa: wane magani ake badawa don kare majinyaci daga ƙwayoyin cuta?

Idan gaɓar ƙugu ko gwiwa ta cinye, likitoci kan cire ta su sa ta ƙarfe da roba. A Nijar, bayan tsufa da hatsarin hanya, ciwon amosanin jini da ake kira emasi na daga cikin dalilan wannan fiɗa, domin yakan hana jini isa kan ƙashin cinya tun mutum yana matashi. Babbar matsalar da ake gudu ita ce ƙwayoyin cuta su kama sabuwar gaɓar. Hakan na samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma sau da yawa sai an sake fiɗa an cire ƙarfen.

Dalilin rigakafi

Ƙwayoyin da suka fi haddasa matsalar su ne dangin stafilokok, waɗanda ke zaune a fatar mutum da cikin hancinsa. Da sun manne wa ƙarfe sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da sauƙi. Shi ya sa ake son antibiyotik ya riga su isa wurin, ya kasance cikin jini tun kafin wuƙa ta taɓa fata.

Maganin da aka fi zaɓa

Sefazolin ne zaɓin farko, domin yana kashe stafilokok, yana shiga ƙashi, kuma ba shi da tsada. Ana ba babba giram 2 ta jijiya, a ƙara wa mai ƙiba sosai. Inda babu shi, sefuroksim na iya maye gurbinsa. Seftiriyakson, wanda aka saba gani a asibitoci, ba shi aka fi so ba a nan: ƙarfinsa kan stafilokok bai kai na sefazolin ba, kuma yawan amfani da shi na sa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani.

Wanda jikinsa ke mummunan bori da dangin penisilin, ana iya ba shi kilindamisin ko bankomisin. Sai dai yawancin masu cewa penisilin ba ya karɓarsu suna iya ɗaukar sefazolin lafiya, don haka likita kan binciki abin da ya taɓa faruwa kafin ya sauya. Bankomisin kuma shi ne na wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da stafilokok mai bijire wa magani. Wani bincike da aka yi a Ostiraliya kan mutum sama da 4,000, aka wallafa a 2023, ya nuna cewa haɗa wa kowa bankomisin da sefazolin bai rage kamuwa ba.

Lokacin badawa

Ana yin allurar sefazolin cikin minti 60 kafin yanka. Bankomisin yana buƙatar a fara shi tun da wuri, cikin awa 2, saboda a hankali ake ɗura shi. A fiɗar gwiwa, ana bada maganin kafin a ɗaure cinya don tsayar da jini. Idan aiki ya wuce awa 4, ko jini ya zuba fiye da lita 1 da rabi, ana ƙara sefazolin.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bada shawarar kada a ci gaba da antibiyotik na rigakafi bayan an gama fiɗa. Asibitocin da ke ci gaba ba sa wuce awa 24 bisa ƙa'ida. Shan shi na mako guda ba ya ƙara kariya, illa ya jawo gudawa da bijirewar ƙwayoyin cuta.

Abin da ya rataya kan majinyaci da dangi

Ya kamata likita ya san duk maganin da ya taɓa yi wa majinyaci bori, da ko yana da ciwon sukari, emasi, gyambo ko ruɓaɓɓen haƙori. Daidaita sukari, barin taba makonni kafin fiɗa da wanka da sabulu a jajibirin aikin duk suna rage haɗari. Idan dangi ne za su sayo maganin, su saye shi a farmasi da takardar likita, su guji na masu talla.

Bayan sallama, masassara, kumburi, zafi mai ƙaruwa ko ruwa da ke fita daga rauni alamu ne na a koma asibiti ranar. Shan antibiyotik a gida kafin a ɗibi ruwan gaɓar yakan ɓoye ƙwayar cutar a gwaji, ya wahalar da gano maganin da ya dace.