Akwati ɗaya da ya kusa hana Jimmy Carter shiga siyasa

A shirin tarihi na wannan mako mun leƙa jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, shekarar 1962, inda aka yi wani ƙaramin zaɓe na majalisar dattawan jiha. Ku lura, a can kowace jiha, in ban da Nebraska, tana da majalisu biyu nata na kanta, ta wakilai da ta dattawa, daban da na tarayya.

Jojiya tana da gundumomi 159, kowace kamar ƙaramar hukuma. A tsohon tsarin zaɓen fidda gwani na jihar, gunduma ake ƙirgawa, ba mutum ba. Manyan gundumomi 8 suna da maki shida-shida, 30 masu bi musu huɗu-huɗu, sauran 121 kuma biyu-biyu. To kun ga, 'yan tsirarun mutanen karkara sai su rinjayi dubban mutanen birnin Atlanta, kuma duk wanda ya riƙe ƙaramar gunduma a hannunsa ya zama ɗan ƙaramin sarki. A 1962 kotuna suka rusa wannan tsari, aka kuma sake yanka mazaɓun majalisar dattawa bisa yawan jama'a.

Nan ne wani manomin gyaɗa daga garin Plains, mai shekara 38, ya fito neman kujerar mazaɓa ta 14, wadda ta haɗa gundumomi bakwai. Sunansa Jimmy Carter. Abokin karawarsa Homer Moore ne, dukansu 'yan jam'iyyar Dimokurat, domin a lokacin duk wanda ya ci fidda gwanin jam'iyyar a kudu, kamar ya riga ya ci zaɓe ne.

Ranar 16 ga Oktoba aka jefa ƙuri'a. Da aka haɗa gundumomi shida, Carter ne a gaba. Sai sakamakon Quitman ya iso: Moore 360, Carter 136. Shi ke nan, aka ce Carter ya faɗi da ratar ƙuri'a 139.

Me ya faru a Quitman? Akwai wani uban gidan siyasa mai suna Joe Hurst da ke juya gundumar yadda ya ga dama. A rumfar zaɓe ta garin Georgetown babu wurin sirri. A gabansa ake zaɓe, yana kallo, yana faɗa wa mutane wanda za su zaɓa. Mutum 333 aka rubuta sun yi zaɓe, amma ƙuri'un da ke cikin akwatin sun haura 400. Cikin "masu zaɓen" har da matattu, da waɗanda ke gidan yari, da waɗanda ba sa ma garin. Wasu sama da ɗari kuma, wai sun zo sun jefa ƙuri'a bi da bi daidai da jerin harufan sunayensu. Ku ji fa!

Carter bai haƙura ba, bai kuma ɗauki doka a hannunsa ba. Shi da mutanensa suka bi gida-gida suna karɓar shaidar rantsuwa. Wani ɗan jarida na Atlanta Journal, John Pennington, ya tona maganar har ta cika jiha. Lauya Charles Kirbo ya tsaya masa a gaban alƙali, alƙali ya soke akwatin Georgetown baki ɗaya, Carter ya koma gaba da ƙuri'a 65. A babban zaɓen Nuwamba an cire sunayen su biyun daga takarda, sai dai kowa ya rubuta sunan wanda yake so da hannunsa. Carter ya samu 3,013, Moore 2,182.

Sauran labarin kun san shi: gwamna a 1971, shugaban Amurka a 1977, ya kafa Cibiyar Carter a 1982. A 1999 ya zo sa ido a zaɓen shugaban ƙasar Najeriya, tare da tsohon shugaban Nijar Mahamane Ousmane da Colin Powell. Abin da ya dame shi a can shi ne abin da ya gani a Quitman: yawan mutanen da aka gani a rumfuna bai yi daidai da alƙaluman da wasu jihohi suka bayar ba. Ya rasu a ƙarshen 2024 yana da shekara 100.

Abin da muka ɗauka a nan, jama'a, jimilla ba ta tona asiri. Da 139 kawai aka sanar, da magana ta mutu a wurin. Sai da aka baje sakamakon gunduma-gunduma, akwati-akwati, aka gwada shi da rajista, sannan ƙarya ta fito fili. Don haka in zaɓe ya zo, bayan ka ji wanda ya ci, tambayi nawa aka samu a rumfarka, kuma mutum nawa ne suka zo. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.