Tarihin Sana'ar Kula da Bindigogi a Fina-finan 'Yan Sanda na Amurka

Tun zamanin da kamfanin Stembridge ke ba masu shirya fim na Hollywood hayar makamai, aikin kula da bindiga ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda mai ita ke adana makamai, ya ɗura su, kuma ya koya wa 'yan wasa riƙonsu. Abin da ake ɗurawa shi ne harsashin wasa, wato kwanso mai albarushi wanda babu dalma a bakinsa, sai dai iskar da yake fesowa tana iya kisa daga kusa, kamar yadda ta faru a 1984 lokacin da Jon-Erik Hexum, jarumin shirin Cover Up, ya ɗora bindiga a kansa ya harba, ya rasu bayan kwanaki.

A shekarar 1984 ɗin ce kuma aka fara nuna Miami Vice, shirin da ya ɗaga darajar ƙwarewa, domin an sa gwanin gasar harbi Jim Zubiena a cikinsa, masu kallo suka ga yadda ƙwararre ke zaro ƙaramar bindiga ya riƙe ta da hannu biyu. Bayan harsashi na gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wurin shirya fim ɗin Rust a 2021, shirin The Rookie ya daina harba bindigogin gaske, ya koma ƙara walƙiyar harbi da kwamfuta. Wannan tarihi ya tabbatar da cewa kamanta gaskiya abin so ne, amma kare ran ma'aikaci ya fi shi daraja.