Ƙasar Tundura: Yanayinta da Sinadaran da ke Cikinta

Gabatarwa

Tundura suna ne na wasu faffaɗan filaye marasa bishiyoyi da ke can ƙarshen arewacin duniya. Ana samun su a arewacin Alaska da Kanada, da gaɓar tsibirin Girinlan, da arewacin Norwe, da kuma gaɓar Saiberiya ta Rasha. Ko a watan da ya fi zafi a shekara, matsakaicin zafin waɗannan wurare ba ya kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, kuma tsirrai ba sa samun fiye da wata biyu zuwa uku na girma. Abin da ke fitowa shi ne gansakuka da gajerun ciyayi da ƙananan tsirrai masu rarrafe. Wannan bayani ya shafi ƙasar da ake takawa a can, wato yadda jikinta yake da abin da ta ƙunsa. Duk halayenta kuwa daga tushe guda suke, shi ne daskarewar da ke ƙarƙashinta.

Daskararriyar Ƙasa

Masana na kiran ƙasa daskararriya idan ta shekara biyu a jere ko fiye sanyinta bai ɗaga sama da digiri 0 ba. Irin wannan ƙasa tana ƙarƙashin kusan kashi 15 cikin 100 na doron ƙasar arewacin duniya. Kaurinta ya bambanta: a yankin Prudhoe Bay na Alaska ya kai kimanin mita 600, a wasu sassan Yakutiya ta Saiberiya kuwa ya haura mita 1,000.

Saman ƙasar kaɗai ke narkewa idan zafi ya shigo, ya sake daskarewa da hunturu. A yawancin tundura wannan sashe bai wuce santimita 30 zuwa mita 1 ba. A cikinsa saiwoyi ke kamawa, a cikinsa kuma ƙwayoyin halitta ke aiki. Wanda ya haƙa rami ya wuce nan zai tarar da ƙasa mai tauri kamar kankare, gauraye da ƙanƙara. Shi ya sa bishiya mai doguwar saiwa ba ta tsayuwa. Saboda wannan bambanci, a shekarar 1998 tsarin rarraba ƙasa na Ma'aikatar Noma ta Amurka ya ware mata rukuni nata na daban mai suna Jelisol, wanda ya zama na 12 a jerin.

Ruwa da Jikin Ƙasa

Ruwan sama da dusar ƙanƙarar da tundura ke samu a shekara sau da yawa tsakanin milimita 150 ne zuwa 250, wato bai kai rabin abin da Sakkwato ko Maiduguri ke samu ba. Duk da haka filin cike yake da tafkuna da taɓo a lokacin zafi. Dalilai biyu ne suka haddasa haka. Na farko, ruwa ba ya samun hanyar nutsewa, domin daskararren sashen ya tare shi kamar gindin kwano. Na biyu, rana ba ta da ƙarfin da za ta busar da shi.

Sanyi kuma yana rage saurin narkewar ma'adinan duwatsu, don haka yumɓu ba ya samuwa da yawa. Abin da ya fi yawa shi ne tsakuwa da yashi da lallausan garin ƙasa, waɗanda ƙanƙara ta farfasa daga duwatsu ko iska ta kwaso ta zuba.

Ƙasa Mai Motsi

Idan ruwa ya daskare, girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙasa mai ruwa takan kumbura da hunturu, ta lotsa idan ta narke, kuma haka ake yi kowace shekara. Wannan ya sa take cakuɗa kanta: baƙar ƙasar sama ta nutse, ta ƙasa ta taso, duwatsu su fito fili su jeru kamar zobba, irin waɗanda ake gani a tsibiran Sivalbad na Norwe. Mai haƙa ba ya ganin hawa-hawan ƙasa a shimfiɗe kamar yadda aka saba, sai a murɗe.

Tsananin sanyi yana kuma tsaga ƙasa. Ruwa ya shiga tsagar ya daskare, shekara ta zagayo ta sake buɗewa a wuri guda, har ƙanƙarar ta yi kauri. Daga jirgin sama filin yana kama da busasshiyar lakar fadama da rani, sai dai kowane yanki yakan kai mita 10 zuwa 30 a faɗi. A wasu wurare ƙanƙarar ƙarƙashi tana ɗaga ƙasa ta zama tudu, wanda ake kira pingo. Yankin Tuktoyaktuk na Kanada yana da fiye da 1,300, kuma wanda ake kira Ibyuk ya kai kimanin mita 49 a tsawo. A kan gangara kuwa, narkakken sashen yana zamewa a hankali a kan daskararren.

Sinadaran Ƙasar

Abu na farko shi ne tarin matattun tsirrai. A ƙasashe masu zafi, ganye ko kashin dabbobi da aka zuba a gona yana ruɓewa cikin 'yan watanni, da taimakon zafi da gara da ƙwayoyin halitta. A tundura sanyi da rashin iska a cikin taɓo suna hana ruɓewa, sai ganyaye da saiwoyi su taru shekara dubbai. Har gawarwakin dabbobin da suka ƙare a duniya, irin su giwa mai gashi, ana tono su a Saiberiya da fatarsu.

Na biyu shi ne ƙarancin abincin tsiro. Naitirojin da fosfaras, biyu daga cikin sinadarai uku na takin NPK, suna nan a ƙasar, amma a kulle suke cikin tsirran da ba su ruɓe ba. A cibiyar bincike ta tafkin Toolik da ke Alaska, wadda aka fara aiki a cikinta a 1975, an daɗe ana zuba taki a wasu filaye don gwaji, kuma an ga ƙananan itatuwa sun yi tsawo sun danne gansakuka. Wannan ya nuna yunwar ƙasa tana hana girma kamar yadda sanyi ke yi.

Na uku shi ne tsami. Inda gansakuka da taɓo suka yi yawa, ma'aunin pH yakan sauka zuwa 4 ko 5, wato ƙasar tana da tsami ƙwarai. Inda aka sami dutsen farar ƙasa ko sabuwar ƙurar da iska ta kawo, yakan kusanci 7, kuma ire-iren tsirrai sun fi yawa a nan. A wurare mafi bushewa na can ƙurya, da kwaruruwan McMurdo na nahiyar Antatika a kudancin duniya, gishiri yana taruwa a saman ƙasa domin babu ruwan da zai wanke shi.

Na huɗu shi ne launi. Inda ruwa ya daɗe kwance, sinadarin ƙarfe yana rasa iska, sai ƙasar ta koma ruwan toka mai ɗan shuɗi, da ɗigo-ɗigon tsatsa inda iska ta ratsa. Manomin fadama ya san wannan launi, kuma dalilin ɗaya ne.

Abin da ke Faruwa Yanzu

An ƙiyasta cewa ƙasar yankin da ke da daskarewa a arewa tana riƙe da tan biliyan 1,460 zuwa 1,600 na sinadarin kabon, kusan ninki biyu na wanda ke sararin samaniya. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa daga 1979 zuwa 2021 yankin Aktik ya ɗumama kusan sau huɗu fiye da matsakaicin duniya. Idan ƙasa ta narke, ruɓewa ta fara: busasshen wuri ya fitar da iskar kabon dayoksaid, mai taɓo ya fitar da iskar mitan, dukkansu kuma suna ƙara ɗumamar duniya. Gobara ma tana ƙaruwa. A 2007 wuta ta cinye kimanin murabba'in kilomita 1,000 kusa da kogin Anaktuvuk na Alaska. A rahotonta na 2024, hukumar NOAA ta Amurka ta bayyana cewa tundurar Aktik, idan aka haɗa da gobara, ta koma fitar da kabon fiye da wanda take sha.

Mazauna yankin ne suka fara ɗanɗana kuɗa. Ana gina manyan gidajen birnin Yakutsk a kan ginshiƙai don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa, haka kuma fiye da rabin bututun man Alaska mai tsawon kusan kilomita 1,300, wanda aka kammala a 1977, a kan ƙafafu yake. Mutanen ƙauyen Newtok na Alaska sun fara ƙaura zuwa Mertarvik a 2019 saboda narkewar ƙasa da zaizayar kogi. A 2016 kuma, bayan wani matsanancin zafi a yankin Yamal na Rasha, cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta kashe fiye da 2,000 na dabbobin kiwon mutanen Nenets, dangin barewa, tare da yaro guda. An danganta ɓarkewar da narkewar ƙasar da ƙwayoyin cutar suka daɗe a ciki, da kuma dakatar da rigakafi da aka yi a 2007.

Kammalawa

Ƙasar tundura tana da ruwa alhali ruwan sama kaɗan ne, tana da tarin matattun tsirrai alhali tsiro na fama da yunwa, kuma daskarewa ce ke riƙe da wannan tsari. Gansakukar da ke samanta ita ce bargon da ke kare ƙanƙarar daga rana. Inda tayar mota ko wuta ta yaye ta, ƙasa takan lotsa ta zama tafki, kuma sawun yakan daɗe shekaru da dama bai ɓace ba. Iskar da ke fita daga can tana gauraya da ta duniya baki ɗaya, don haka manomi da makiyayi da jami'in ƙaramar hukuma da ke lura da sauyin damina suna da dalilin sanin halin da wannan ƙasa take ciki.