Shirin Sanya Farantan Sola Kyauta a Rufin Gida: Shin Akwai Riba Ga Maigida?

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan jama'a suna yawan jin sanarwar shirye-shiryen da ke alkawarin sanya farantan sola a rufin gidaje ba tare da maigida ya biya ko kwabo ba. Wasu daga cikinsu na gwamnati ne, wasu na kamfanoni ko ƙungiyoyin agaji, wasu na 'yan majalisa a matsayin ayyukan mazaɓa, wasu kuwa dabara ce kawai ta 'yan damfara. An shirya wannan bayani domin amfanin magidanta a karkara, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda jama'a kan nemi shawararsu.

A taƙaice, ribar irin wannan shiri ta dogara ne a kan abubuwa uku: wa ya mallaki kayan bayan an ɗora su, wa yake cin moriyar wutar, kuma wa zai biya kuɗin batir da gyara idan lokacinsu ya zo.

Kayan aikin da tsawon rayuwarsu

Wutar sola ta gida tana da manyan sassa huɗu: farantin da ke mayar da hasken rana lantarki, da na'urar daidaita caji, da batir mai ajiye wuta domin dare, da inbata wadda ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida suke amfani da ita. Ƙananan akwatunan sola sukan haɗa batir da na'urar caji wuri guda.

Faranti mai inganci yakan yi shekara 25 yana aiki, kuma kamfanoni kan ba da tabbacin cewa a ƙarshen wannan lokaci zai riƙa ba da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na farko. Batir kuwa bai da wannan tsawon rai. Batir na dalma, a yanayin zafi irin na ƙasarmu, yakan mutu cikin shekara biyu zuwa huɗu, domin zafin da ya haura digiri 25 yana rage masa kwana, kuma ƙarin digiri goma a kan haka yana iya raba rayuwarsa biyu. Batir na litiyam ya fi daɗewa, yakan kai shekara takwas zuwa goma, amma ya fi tsada. Ita ma inbata za a canza ta aƙalla sau ɗaya kafin farantin ya tsufa. Ke nan wanda aka ba kayan sola kyauta yau, akwai hidimar da ke jiransa a gaba.

Asalin shirin a ƙasar Birtaniya

Ɗaya daga cikin ƙasashen da wannan shiri ya shahara a cikinsu ita ce Birtaniya. A ranar 1 ga Afrilu 2010 gwamnatin ƙasar ta fara wani tsari mai suna Feed-in Tariff, inda ake biyan mai farantan sola kuɗi a kan kowane yunit na wutar da ya samar, ko da shi ne ya yi amfani da ita. Farashin farko ga ƙananan faranta na gidaje shi ne kwabo 41.3 na Ingila a kan yunit ɗaya, kwabo ɗari ke nan fam guda, kuma an yi alkawarin biya har shekara 25, ana ƙara shi daidai da hauhawar farashi. A 2011 ya kai kwabo 43.3.

A lokacin, sanya faranta masu ƙarfin kilowat huɗu yana cin sama da fam 10,000, abin da ya fi ƙarfin iyalai da yawa. Sai kamfanoni irin su A Shade Greener da HomeSun suka fito da tayi: za su sanya farantan a rufin mutum kyauta, su kula da gyaransu, shi kuma ya sa hannu a kan yarjejeniyar ba su hayar saman rufinsa na shekara 25. Maigida zai sha wutar da rana ba tare da biya ba, kamfani kuma ya karɓi kuɗin da ake biya a kan yunit.

Lissafin rabon ya nuna inda ribar take. Faranta masu kilowat huɗu a Ingila sukan samar da kimanin yunit 3,400 a shekara. A farashin 2011 wannan ya haura fam 1,400 a aljihun kamfani kowace shekara. Shi kuwa maigida abin da yake samu shi ne ragin kuɗin wuta, wanda a galibi bai wuce fam ɗari zuwa ɗari biyu a shekara ba, saboda farantan suna aiki ne da rana, lokacin da yawancin mutanen gida suna wurin aiki ko makaranta. Tsofaffi da masu wuni a gida su ne suka fi amfana.

Daga baya matsaloli suka bayyana. Wasu bankuna masu ba da bashin sayen gida sun ƙi amincewa da gidajen da ke ɗauke da irin wannan yarjejeniya, har sai da ƙungiyar masu ba da bashin ta fitar da ƙa'idojin da yarjejeniyar za ta cika. Masu son sayar da gidajensu sun sha wahalar samun mai saye, domin dole sabon mai gida ya gaji sauran shekarun hayar. Wanda ya so gyara rufinsa kuma sai ya nemi kamfani ya sauke farantan, wani lokaci shi zai biya kuɗin saukewa da mayarwa.

A Maris 2012 gwamnati ta rage farashin zuwa kwabo 21, a 2016 ya sauko ƙasa da kwabo biyar, sannan a ranar 31 ga Maris 2019 aka rufe tsarin ga sababbin masu nema. Da kuɗin ya ragu sai tayin kyautar ya ɓace, amma waɗanda suka sa hannu a 2010 da 2011 yarjejeniyarsu tana nan har wajen 2035 da 2036. Darasin shi ne, kamfani ba ya ba da kyauta sai yana da hanyar mayar da kuɗinsa.

Misalin ƙasar Indiya

A Fabrairu 2024 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin PM Surya Ghar domin gidaje miliyan goma, da alkawarin wuta kyauta har yunit 300 a wata. A nan maigida ne yake sayen farantan, gwamnati ta ba shi tallafin da iyakarsa rufi 78,000, sauran kuɗin ya cika da kansa ko da bashin banki. Bambancinsa da na Birtaniya shi ne kayan na maigida ne tun ranar farko.

Halin da ake ciki a Najeriya

A Birtaniya da Indiya gidajen suna haɗe da babban layin lantarki, wanda ke karɓar wutar da ta rage da rana ya kuma ba su wuta da dare, don haka yawancinsu ba su buƙatar batir. A ƙauyen da babu turakun lantarki, ko inda wutar ba ta zama, batir ne ke yin wannan aiki. Shi ya sa nauyin da ke kan maigida a nan ya fi yawa.

Shirye-shiryen da ake gani a ƙasarmu iri uku ne.

Na farko, rabon kyauta daga gwamnati, ko ɗan majalisa, ko ƙungiyar agaji. Kayan sukan zama na wanda aka ba, haka ma gyaransu. Fitilun titi masu amfani da hasken rana da ke tsaye a garuruwa da dama ba su kamawa shaida ne a kan abin da ke faruwa idan ba a tanadi kuɗin batir ba.

Na biyu, biya kaɗan-kaɗan, kamar tsarin da kamfanin Lumos ya yi tare da MTN. Mutum yana biyan kuɗin farko, sannan ya riƙa biya ta waya. Idan ya daina biya, akwatin yana kulle kansa. A wasu yarjejeniyoyi kayan suna zama nasa bayan ya gama biya, a wasu kuwa haya ce kawai.

Na uku, sayarwa a kan rahusa da tallafin gwamnati. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin Solar Power Naija a ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wato REA, da burin kai wuta ga gidaje miliyan biyar. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da rabon a garin Jangefe da ke ƙaramar hukumar Roni ta Jihar Jigawa a Afrilu 2021. Sanarwar gwamnati a 2020 ta ce masu amfana za su riƙa biyan naira 1,500 a mako ko 4,000 a wata har shekara uku kafin kayan su zama nasu. Haka kuma a Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda tallafinsa ke bi ta hannun kamfanoni don a sassauta farashi. Duk waɗannan rahusa ce, kuma maigida yana da nasa kason na biya.

Yadda za a auna ribar

Arewacin Najeriya yana samun hasken rana mai ƙarfi na kimanin awa biyar da rabi zuwa shida a yini. Faranti mai wat 300, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, zai ba da kusan yunit ɗaya da ɗan ɗori a rana. Wannan ya isa ƙwan fitila huɗu, da fanka ɗaya, da talabijin na 'yan awoyi, da cajin wayoyi. Bai isa dutsen guga na lantarki, ko hita, ko babban firji ba, kuma ɗora su shi ne ke saurin kashe batir.

Maigida ya zauna ya lissafa abin da yake kashewa a wata a kan fetur na janareta, da batirin tocila, da kuɗin cajin waya. Tun bayan janye tallafin man fetur a Mayu 2023 wannan kuɗi ya ƙaru ƙwarai. Sannan ya tambayi farashin sabon batir a kasuwa, ya raba shi a kan watannin da batirin zai yi, ya haɗa da duk wani biyan wata da shirin ya ɗora. Idan abin da yake kashewa yanzu ya fi wannan jimla, akwai riba. Mai shagon caji, da aski, da ɗinki, wanda ke aiki da rana kuma yake samun kuɗi da wutar, ya fi kowa saurin ganin amfani.

Tambayoyi kafin a sa hannu

1. Na wa ne kayan, kuma yaushe za su zama na maigida?
2. Shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kuma ana iya ƙara kuɗin wata?
3. Wane irin batir ne, shekara nawa ne garantinsa, wa zai canza shi?
4. Ina ofishin kamfanin ko mai gyara mafi kusa yake?
5. Wa zai ɗauki asara idan an sace faranti, ko iskar farkon damina ta ɗauke shi, ko rufi ya fara yoyo ta inda aka huda kwano?
6. Me zai faru idan an sayar da gidan, ko maigida ya rasu aka zo rabon gado?

Ɗan haya ya nemi izinin mai gidan tukuna. Gidan gado kuma kada mutum ɗaya ya ɗaure shi da doguwar yarjejeniya ba tare da yardar sauran magada ba. Wanda bai iya karanta takardar ba ya nemi amintacce ya fassara masa, kuma ya riƙe kwafinta.

Kula da kayan

A wannan yanki ana fuskantar da faranti kudu, a ɗan karkata shi, nesa da inuwar bishiya ko katanga. A riƙa share shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. A ajiye batir a ɗaki mai iska, inda rana ba ta dukansa. Mataccen batir na dalma guba ne, kada a fasa shi a gida ko a bar yara su yi wasa da shi.

Hattara da 'yan damfara

Saƙon waya ko na WhatsApp da ke neman kuɗin fom, ko lambar BVN, ko lambar sirri ta katin banki da sunan rabon sola alama ce ta zamba. Duk wanda ya sami irin wannan ya fara tuntuɓar sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda idan an karɓi kuɗinsa.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Ana kira ga sarakuna iyayen ƙasa da jami'an ƙananan hukumomi da su nemi ganin takardun duk wani kamfani ko ƙungiya kafin su tara masa jama'a. Su tabbatar an rubuta sunayen masu amfana a fili, an koya wa matasan gari gyara, an kuma kafa kwamiti ko adashin da zai tara kuɗin batir tun daga watan farko.

Kammalawa

Kyautar da ta bar kayan a hannun maigida, da garanti a rubuce da mai gyara a kusa, abin karɓa ce. Biya kaɗan-kaɗan yana da amfani idan bai kai kuɗin fetur da ake kashewa ba kuma yana ƙarewa da mallaka. Doguwar yarjejeniyar da ke ɗaure gida shekara da shekaru kuwa tana buƙatar shawarar lauya da ta iyali kafin a sa mata hannu.