Taliya

taliya (suna, tamata). Abinci ne da ake yi da garin alkama, a kwaɓa shi da ruwa, a murza shi zare-zare, a shanya ya bushe, sa'an nan a tafasa. Masani al-Idrisi, a littafinsa na 1154, ya ambaci garin Tarabiya na tsibirin Sisili, inda ake sarrafa ta da yawa ana kai wa ƙasashen Musulmi da na Nasara. A Italiya, inda ta shahara, mutane ba su yarda ta yi luguf a wuta ba, kuma lalle suna da hujja, domin wadda ta zarce takan caɓe, ta rasa armashi. 'Yar murji kuwa, wadda matan Hausa ke yi a gida, da manja da yaji aka fi cinta.