Malamar da aka tura gida saboda juna biyu

Yau zan kai ku birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka. A 1952 hukumar ilimin birnin ta kafa wata ƙa'ida: malama mai juna biyu dole ta bar aji wata 5 kafin haihuwa, ba albashi. Ba kuma ta dawowa sai jariri ya cika wata 3, sannan ta jira sabon zangon karatu. Ko likita ya ce lafiyarta ƙalau, ofishin kula da ma'aikata ba ruwansa.

To, a 1971 wata malama, Jo Carol LaFleur, ta ce ba ta yarda ba, ta kai ƙara. Magana ta kai har Kotun Ƙoli, inda a Janairun 1974 alƙalai 7 cikin 9 suka ce ƙa'idar ta saɓa wa tsarin mulki. Ba a yi wa mata kuɗin goro, kowace a duba lafiyarta ita kaɗai. Kotun dai ta yarda hukuma ta nemi sanarwa da wuri don ta samo mai riƙon aji.

A 1978 kuma majalisar ƙasar ta haramta nuna wa ma'aikaciya bambanci saboda ciki. Sai mun haɗu a shiri na gaba.