Munich 1938 da Kano 1903: Sulhu da Dukiyar Wa?

Ranar 30 ga Satumba 1938 Firaministan Birtaniya, Neville Chamberlain, ya dawo daga Munich da yarjejeniyar da ta miƙa wa Hitler yankin Sudetenland. Ya yi imani cewa lallashi zai kashe wutar yaƙi. Ba a ba Chekoslobakiya, mai ƙasar, kujera a teburin ba. A Maris 1939 sojan Jamus suka shiga Prague, a Satumba kuma yaƙin da ake gudu ya ɓarke. Tun daga nan duk wanda ya zaɓi sulhu da mai ƙarfi sai a jefe shi da sunan Chamberlain. Ina ganin wannan ma'auni bai dace da abin da ya faru a birnin Kano ba, duk da cewa mahaifin Neville, Joseph Chamberlain, shi ne Sakataren Mulkin Mallaka lokacin da Lugard ya tura runduna Kano.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 igwar Kanar Morland ta fasa Ƙofar Kabuga. Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da manyan hakimansa, Sarkin Shanu kuma ya rasu yana kare fada. Da labari ya iske ayarin, Sarki ya rabu da jama'arsa, daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa, ya kwanta dama a Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya juyo da sauran jama'a gida, ya miƙa wuya, Lugard ya naɗa shi sarki.

To, Abbas ne Chamberlain ɗin Kano? A'a. Chamberlain ya je Munich da daula a bayansa, da jiragen ruwan yaƙi, da ƙawance da Faransa, ya yi kyauta da gonar da ba tasa ba. Abbas kuwa ya yi sulhu ne bayan ganuwa ta riga ta faɗi, dawakai sun gwada bindigar Nasara sun ga iyakarsu, iyalan mutanensa suna cikin garin da baƙo ke riƙe da shi. Haka Waziri Buhari ya fuskanta a Sakkwato a Maris na shekarar, har ya rubuta risala ga malamai yana kafa hujja cewa biyayya ta zahiri ta halatta idan ana tsoron halakar Musulmi da tozartar addini. Sarkin Musulmi Attahiru bai bi wannan hanya ba: ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi a Yuli 1903.

Ban ce sulhun Abbas ya zo a arha ba. Alƙalai sun ci gaba da shari'a, masallatai da makarantun zaure ba su rufe ba, sarauta ta zauna a gidan Dabo. Amma naɗi da tuɓewa sun koma hannun Gwamna, kuma talakan ƙauye ne ya ɗauki nauyin sabon tsarin haraji, shi da ba a nemi shawararsa ba. A nan kaɗai Kano ta yi kama da Munich. Akwai kuma abin da mai nazari ba zai tsallake ba: Abbas ya fito daga wannan sulhu da rawanin sarauta, ya riƙe shi har 1919, alhali ɗan'uwansa Alu yana tsare a bakin kogin Kwara.